Jaririna ba ya barci sai a rub da ciki

Filin tambayoyin masu karatu

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari watansa biyu da 'yan kwanaki. Duk lokacin da na kwantar da shi rigingine, ba a ɗaukar lokaci sai ya zabura, ya ware hannuwa, ya tsala kuka. Wani dare da gajiya ta ci ƙarfina na kifa shi a kan cikinsa, sai ga shi ya yi barcin awa huɗu ko motsi bai yi ba. Surukata ta ce haka ta yi wa 'ya'yanta duka kuma babu abin da ya same su, ta ƙara da cewa kwanciyar rigingine tana sa yaro ya ƙware da tumbuɗi. Ita kuwa nas ɗin da ke duba shi a asibiti ta hana ni kifa shi. Na rasa maganar wa zan bi, ga shi rashin barci yana nema ya kayar da ni. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wata sabuwar uwa

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya miki shi, ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Maganar nas ita ce abin bi. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, a rigingine ake kwantar da shi a kowane barci, na dare da na rana, mai tsawo da gajere, kuma a shekarun ɗanki wannan ƙa'ida ta fi kowane lokaci muhimmanci, domin mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci, wadda likitoci ke kira SIDS, ta fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma mafi yawanta tana faruwa ne kafin jariri ya cika wata shida.

Abin da kika gani da idonki gaskiya ne, ba zan ƙaryata ki ba. Jarirai da yawa sun fi yin barci mai nauyi idan aka kifa su, kuma a cikin wannan nauyin barcin haɗarin yake. Jariri mai lafiya yana da wata kariya a ƙwaƙwalwarsa da ke farkar da shi idan iskar da yake shaƙa ta yi ƙaranci, sai ya motsa, ya kau da kai, ko ya yi kuka. Kwanciyar rub da ciki tana rage kaifin wannan farkawa. A lokaci guda kuma hancinsa da bakinsa suna dab da katifa, inda zai iya sake shaƙar iskar da ya fitar maimakon sabuwa, jikinsa yana tara zafi fiye da yadda yake yi a rigingine, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ya juya fuska ba idan ta nutse a cikin shimfiɗa. Saboda haka awa huɗun nan da ya yi bai motsa ba, waɗanda suka zame miki hutu, su ne suka fi ba ni tsoro a duk wasiƙarki. Yawan farkawar da yake yi a rigingine yana gajiyar da ke, amma yana daga cikin abin da ke tsare ransa.

Surukarki ba ta yi miki ƙarya ba, kuma bai kamata ki ɗauki maganarta a matsayin jahilci ba. Shekaru da dama likitoci da kansu, a Turai da Amurka, suna koya wa iyaye su kifa jarirai, bisa tsoron ƙwarewar da ta ambata. Sai da bincike ya taru ya nuna alaƙar wannan kwanciya da mutuwar fuju'a sannan aka sauya shawara. Ingila ta yi gangamin wayar da kan iyaye a 1991, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar daina kifa jarirai a 1992, aka kuma soma gangami a faɗin Amurka a 1994, kuma a shekarun da suka biyo baya irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Yawancin jariran da aka kifa sun rayu lafiya kamar 'ya'yan surukarki, sai dai babu wani gwaji da zai nuna wa uwa ko likita wane jariri ne yake da raunin da ba zai iya farkar da kansa ba, shi ya sa ake kare su gaba ɗaya. Idan za ki yi mata bayani, ki yi cikin ladabi, ki nuna mata cewa likitocin ne suka gyara maganarsu, idan kuma da hali ku tafi tare ranar awo ta ji daga bakin nas.

Batun ƙwarewa kuwa, halittar maƙogwaro ce ke ba da amsa. Hanyar iska tana ta gaban wuya, hanyar abinci tana bayanta. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, don haka nonon da ya dawo yakan taru a ƙasa ya koma ciki, ko jaririn ya haɗiye ko ya yi tari ya fitar. Idan aka kifa shi sai tsarin ya juye, hanyar abinci ta koma sama, abin da ya dawo ya gangaro bakin hanyar iska. Ƙasashen da suka koma kwanciyar rigingine ba su ga ƙaruwar mutuwar jarirai ta dalilin ƙwarewa ba. Ko jaririn da tumbuɗi ya yi masa yawa, a rigingine ake kwantar da shi. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, domin da ɗan motsi kaɗan zai faɗa kan cikinsa, kuma tokare shi da filo ko naɗaɗɗen tawul yana ƙara wani haɗarin ne a kusa da fuskarsa.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun ki, wato yadda zai yarda ya yi barci. Ki lura da abin da kika rubuta: yana zabura ya ware hannuwa. Wannan zabura halitta ce ga kowane sabon jariri, tana tasowa idan ya ji kamar an sake shi zai faɗi, kuma takan gushe da kanta tsakanin wata huɗu zuwa shida. Abin da rub da ciki ke yi masa shi ne ta danne hannuwan, ta ba shi jin cewa wani abu yana manne da ƙirjinsa kamar yadda yake ji a jikinki. Aikinki shi ne ki samar masa wannan natsuwa ta hanyar da ba ta da haɗari.

Hanya ta farko ita ce naɗe shi. Ki samu mayafi mara kauri, ki shimfiɗa, ki ɗora shi yadda kafaɗunsa za su daidaita da bakin mayafin, ki kwantar da hannuwansa a jikinsa, ki naɗe ƙirjin da ɗan ƙarfi yadda ba zai warware ba, amma yatsunki biyu ko uku su iya shiga tsakanin mayafin da ƙirjinsa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ki bar shi sakwa-sakwa domin ya iya lanƙwasa ƙafafu ya buɗe su, saboda ɗaure ƙafafu a miƙe yana iya cutar da gaɓar ƙugu. Kada mayafin ya kai wuya balle fuska. Jaririn da aka naɗe ba a taɓa kwantar da shi a ciki ko a gefe, kuma ranar da kika ga ya fara yunƙurin mirginawa, ranar za ki daina naɗewa, ko da watansa uku bai cika ba. Daga nan sai ki koma sa masa rigar barci mai kamar buhu wadda ke barin hannuwa a waje. A guji irin waɗanda ake sa wa nauyi a ƙirji.

Yadda ake sauke shi daga hannu ma yana da tasiri fiye da yadda iyaye ke zato. Sabon jariri yana fara barcinsa ne da mara nauyi, za ki ga idanunsa suna motsi a ƙarƙashin fata, bakinsa yana tsotso, numfashinsa yana sauri yana lafawa. Idan kika ajiye shi a wannan hali, nan da nan zai farka. Ki riƙe shi kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, har numfashin ya daidaita, jikinsa ya saki. Sannan ki sunkuya da shi yana manne da ƙirjinki, ki fara ajiye ɗuwawunsa, sai bayansa, kansa ya zama na ƙarshe, domin idan kai ya riga sauka a nan ne yake jin kamar zai faɗi. Kada ki janye hannu nan take. Ki bar tafin hannunki a kan ƙirjinsa na ɗan lokaci, ki zare ɗayan a hankali daga ƙarƙashin ƙeyarsa, kina yi masa 'yar ƙaramar murya a kunne. Idan ya yi ƙananan gurnani ko ya mutsuttsuka, ki ɗan dakata kafin ki ɗauke shi, domin jarirai suna yin haka cikin barci, kuma sau da yawa mu ne ke tashin su da gaggawar ɗauka. Idan kuwa kuka ne sosai, ki ɗauke shi, ki rarrashe shi, ki sake mayar da shi rigingine, ko sau nawa ne. Darare na farko za su yi wuya, amma jarirai suna sabawa da abin da ake maimaita musu.

Ki kuma kula kada ya gaji fiye da kima kafin a kwantar da shi. Ɗan wata biyu ba ya jure daɗewa a farke, kuma da zarar ya fara hamma, yana kau da kai daga fuskarki, ko idanunsa sun tsaya wuri guda, lokacin barci ya yi. Wanda aka bari har ya kai ga kuka mai ƙarfi ya fi wuyar lallashi. Bayan ya sha nono ki sa shi ya yi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye a kafaɗarki na kamar minti ashirin, domin iskar da ta maƙale a ciki tana daga cikin abin da ke hana jariri jin daɗin rigingine. Da dare a rage haske da hayaniya, a kuma bi tsari iri ɗaya kullum. Robar tsotso tana taimaka wa wasu, kuma bincike ya nuna cewa ba da ita lokacin barci yana rage haɗarin mutuwar fuju'a. Tun da shayarwarki ta kankama za ki iya gwadawa, amma kada a rataya masa ita da igiya a wuya, kada a shafa mata wani abu mai zaƙi, idan ya ƙi kuma kada a tilasta masa.

Wurin kwanciyar shi ne rabin maganar. Katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta loɓawa idan kika danna ta da hannu, da zanin gado da ya kama ta tsam, shi ke nan. Babu filo, babu bargo mai laushi, babu 'yar tsana, babu tsummokaran da ake jerawa a jikin gado don ado. Kada a ɗaga gefen kai da nufin rage tumbuɗi, domin gangara tana sa kan jariri ya faɗo kan ƙirjinsa ya matse hanyar iska, kuma saboda wannan dalili ne Amurka ta yi doka a 2022 da ta haramta sayar da makwantan jarirai masu gangara da kuma katangar soso da ake zagaye gado da ita. Gadonsa ya kasance a ɗakin da kike kwana, kusa da ke, aƙalla har ya cika wata shida. Kada a jibga masa kaya. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, idan kika ji gumi ko zafi ki rage, sanyin tafin hannu da ƙafa ba ma'auni ba ne. Ba a barin hula a kansa yana barci a cikin ɗaki. Hayaƙin sigari kada ya kusance shi ko kaɗan. Shayar da nonon uwa da kammala alluran rigakafi duka suna cikin abubuwan da ke ƙara masa kariya.

Akwai abu guda da nake so ki riƙe da kyau, saboda gajiyar da kika ambata. Barci ya kwashe ki kina riƙe da shi a kan kujerar kushin yana daga cikin yanayi mafi haɗari ga jariri, domin yana iya zamewa ya maƙale tsakanin jikinki da kujerar. Idan kin ji alamar barci zai rinjaye ki lokacin shayarwar dare, gara ki shayar da shi a kan gadonki bayan kin kawar da filo da bargo daga kusa da shi, da zarar kin farka kuma ki mayar da shi nasa gadon. Ki kuma nemi taimako ba tare da jin kunya ba. Maigida zai iya karɓar sa bayan shayarwa ya yi masa gyatsa da rarrashi ke kuma ki runtsa, kuma duk wanda zai riƙe miki shi da rana, ki tabbatar ya san cewa a rigingine ake kwantar da shi.

Son da yake yi wa kwanciyar ciki kuwa, ki biya masa shi da rana, yana farke, kina zaune a gabansa. Ki kifa shi a kan shimfiɗa mai tauri ko a ƙirjinki na minti biyu zuwa uku sau da yawa, kina ƙarawa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciya a rarrabe cikin yini. Ita ce ke ƙarfafa wuya da kafaɗu, tana kuma rage bajewar ƙeya. Idan barci ya ɗauke shi a haka, sai ki juya shi rigingine.

Idan duk da haka kika ga yana bankarewa yana kukan ciwo duk lokacin da aka kwantar da shi, yana ƙin nono, ba ya ƙara nauyi, ko yana amai mai feshi, ki kai shi likita ya duba. Amai kore ko mai jini, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jaririn da bai cika wata uku ba, numfashi da ƙyar, ko leɓɓa su sauya launi zuwa shuɗi, waɗannan ba a jira gari ya waye a kansu.

Tambaya ta biyu

Salamu alaikum. 'Yata tana da wata biyar da rabi. A rigingine muke kwantar da ita, amma cikin dare sai mu tarar ta mirgina ta koma kan cikinta. Ni da mahaifiyarta mun koma yin gadi muna juya ta, ita kuma tana farkawa da kuka. Shin haka za mu ci gaba har ta shekara?

Daga wani uba

Amsa

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri da kake raba wannan nauyi da mai ɗakinka. Amsar ta danganta ga abu guda, kuma da rana za ku gane shi. Ku ajiye ta a shimfiɗa tana farke ku lura: shin tana iya mirginawa daga baya zuwa ciki, ta kuma dawo daga ciki zuwa baya da kanta ba tare da wahala ba? Idan tana yin duka biyun, to ta samu ƙarfin wuya da kafaɗun da za ta kau da fuskarta, don haka ku ci gaba da kwantar da ita rigingine a farkon kowane barci har ta cika shekara, amma idan ta juya da kanta ku ƙyale ta, ku ma ku yi barcinku. Idan kuwa ɓangare ɗaya kawai ta iya, tana kifewa ta kasa dawowa, to duk lokacin da kuka gan ta a kife ku mayar da ita a hankali, ku kuma yawaita mata wasan ƙasa da rana, kuna ajiye abin wasa a gefenta domin ta miƙa hannu ta bi shi da jiki. Wannan mataki ba ya daɗewa, yawanci cikin 'yan makonni take ƙwarewa a ɗaya ɓangaren.

Sharaɗin wannan sassauci shi ne gadon ya zama babu komai a cikinsa, domin yarinyar da ke yawo cikin barci za ta iya kai fuskarta ga duk abin da aka bari. Idan har yanzu ana naɗe ta, a daina daga yau, hannuwanta su kasance a sake. Kada ku sayi matokaran da ake tallatawa cewa suna hana jariri juyawa, domin an samu jariran da suka rasa ransu bayan fuskarsu ta maƙale a jikinsu. Na'urorin da ake ɗaura wa jariri a ƙafa ko a sa a ƙarƙashin katifa don lura da numfashi ma ba a tabbatar suna hana mutuwar fuju'a ba, kuma ina jin tsoron yadda suke sa wasu iyaye su saki jiki da ƙa'idojin da aka tabbatar.

Tambaya ta uku

Assalamu alaikum. Jikana bakwaini ne, ya yi makonni a ɗakin jarirai na asibiti, kuma da idona na ga ma'aikata suna kwantar da shi rub da ciki. Yanzu an sallame su, sai aka ce wa uwarsa kada ta kifa shi. Yaya abin da likitoci suka yi zai zama haɗari a gida?

Daga wata kaka

Amsa

Wa'alaikumus salam Mama, barka da arziki, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da kika gani daidai ne. Ana kifa wasu bakwaini a asibiti saboda hakan yana sauƙaƙa musu numfashi a lokacin da huhunsu bai yi ƙwari ba, amma ana yin haka ne alhali na'ura tana auna bugun zuciyarsu da iskar da ke cikin jininsu dare da rana, ga ma'aikata a tsaye da za su kai ɗauki da zarar ta yi ƙara. A gida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa ma'aikatan ke mayar da jariri kwanciyar rigingine tun kafin sallama domin ya saba. Jariran da aka haifa kafin lokaci ko da ƙarancin nauyi sun fi sauran shiga haɗarin mutuwar fuju'a, kuma kifa su yana ninka wannan haɗari, don haka ƙa'idar ta fi tsanani a kan jikanki, haka ma batun kwana a gado ɗaya da manya, wanda ya kamata a kauce masa gaba ɗaya a watanninsa na farko. Akwai wasu 'yan lalurori na hanyar numfashi da ba a cika samu ba waɗanda likita zai iya ba da umarnin wata kwanciya dabam saboda su, kuma idan da jikanki yana cikinsu da an faɗa wa uwarsa ƙarara kafin su bar asibiti. Tun da umarnin da aka ba ta shi ne rigingine, ki taya ta tsayawa a kansa, musamman a lokutan da za ta bar miki shi ta ɗan huta.